Malamina ya soke babin da na rubuta kan kalmar "baba", ku ba ni shawara

Ɗalibar Aji Huɗu: Assalamu alaikum. Kundin kammala digiri nake rubutawa. Yayana yana saro wayoyi daga Guangzhou ta ƙasar Sin, da ya dawo da azumi muna zaune a tsakar gida bayan shan ruwa, sai ya ce ya ji yaron mai shagon da yake sayayya yana kiran ubansa "baba", uwarsa "mama". Har Hajiyarmu ta ajiye kofin kunu ta ce ashe Sinawa ma namu ne. Na bincika, Turkawa baba suke cewa, haka Yarbawa da masu Swahili. Sai na gina babi na uku a kan cewa daga Hausa kalmar ta bazu. Malamina ya ja jan biro daga sama har ƙasa. Wallahi ko barci ba na iyawa. In canza take ne, ko in kai ƙara wurin shugaban sashe?

Tsohon Ɗalibi: Ƙara kuma? Rufa wa kanki asiri. Ni nawa malamin sai da ƙannena a karatu suka tafi bautar ƙasa yana riƙe da kundina, kullum ya tafi taro. Ki rubuta abin da yake so, ki karɓi takardarki.

Malam Mai Nahawu: Ƙanwata, malaminki bai zalunce ki ba. Jariri kafin ya iya sarrafa harshensa, leɓɓa yake haɗawa ya buɗe: ma-ma, ba-ba, pa-pa. Iyaye ne ke ɗauka da su yake, sai sunan ya bi su. Masanin harshe Roman Jakobson ya yi bayanin wannan tun 1960. Shi ya sa a ƙasar Jojiya "mama" uba ne, uwa kuwa "deda". In daga Kano ta tashi, a wace tasha ta juye? Ko a Hausa ai uwa da uba muke da su. Mama nono ne, baba kuma da kin sauya karin sauti ta koma 'yar'uwar uba, ga kuma baban rini.

Ɗalibar Aji Huɗu: Malam, na gode, amma harsuna huɗu fa, ban da namu. Kuma Hausawa fatake ne tun fil azal.

Uwar Yara: Ku kuna ta baban Sinawa, mu a gidajenmu ma ta ɓace. Jikokina Dadi da Momi kawai, ni ko Kaka ban samu ba.

Malam Mai Nahawu: In kalmar da fatauci ya ɗauko kike so, ga shayi. Sinawa suka ce "cha", Farisawa "chay", Larabawa "shay", mu muka ce shayi. Mutanen gaɓar tekun Fujian ta ƙasar Sin kuwa "te" suke cewa, 'yan Holan suka kai ta Turai ta jirgin ruwa, Turawan Ingila suka kawo mana "ti". Ganye ɗaya, hanya biyu, duka suna teburin mai shayin unguwarku. Wannan ana bin sawunta zango-zango. Taki fa? Kama ba ta zama dangantaka: Farisanci da Ingilishi duka suna ce wa mummunan abu "bad", kuma kowacce asalinta daban. Ki koma kan shayi.

Ɗan Daura: Kada ki sauya komai! Duk abin da Bature bai rubuta ba sai a ce ba ilimi ba ne. Bayajidda ba daga Bagadaza ya zo ba?

Malam Mai Nahawu: To ai ka ga kenan shigowa aka yi, ba fita ba.

Ɗalibar Aji Huɗu: Shayin nan sabon aiki ne, ni kuma na riga na biya kuɗin bugawa. Misalai zan ƙara ko zai haƙura. Wa ya san ma'anar baba da Rashanci?

Malam Mai Nahawu: Mace ce, ko tsohuwa.

Ɗalibar Aji Huɗu: To wannan ba zan sa ba. Wani yaren fa?