Ina son koyon nazarin ƙwaƙwalwa da lissafi da kwamfuta amma na rasa ta inda zan shiga

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekara ta biyu a digirin digirgir, ɓangaren fiziyoloji. Aikina kan farfaɗiya ne, da ɓeraye nake gwaji. Wata takwas na yi ina kiwonsu, kullum da asuba ina ɗakin gwaji ina auna abincinsu, goma sha ɗaya suka mutu a zafin Afrilu da wuta ta ɗauke kwana uku, da kuɗin aljihuna na sayi wasu. Yanzu na naɗi siginar ƙwaƙwalwarsu, tana cikin kwamfuta, na buɗe na ga layuka suna hawa da sauka, ban san me zan yi da su ba. Malamin da ke duba aikina ya ce in fitar da matsakaici in rubuta kawai. Zuciyata ba ta yarda ba. Na nemi wani kwas na nazarin ƙwaƙwalwa da lissafi a Turai bara, ba su ɗauke ni ba. Yanzu ina tunanin na Woods Hole a Amurka, wanda ake yi kusan wata guda da bazararsu. Don Allah ku ba ni shawara, barci ma ya ƙaurace min.

Malami a sashen lissafi: Wa alaikumus salam. Malama, kin ba mu labarin ɓeraye, ba ki faɗa mana ina kika tsaya a lissafi ba. Fannin nan lissafi ne tsantsa. Masana Hodgkin da Huxley a 1952 da lissafin kalkulas guda huɗu suka bayyana yadda sodiyam da fotasiyam ke shiga da fita su haifar da bugun jijiya. A irin kwas ɗin da kike hange, nan ake farawa a makon farko. Ki ajiye maganar tafiya, ki ba kalkulas, aljabrar matiris da Python (harshen rubuta manhajar kwamfuta) shekara guda.

Mai tambaya: Malam, ba ni da shekara guda. Tallafina zai ƙare. Kuma na yi lissafi a aji ɗaya na jami'a, na ci.

'Yar uwa daga Jamus: Ƙanwata, kada ki jira sai kin gama shiri, ba a gamawa. Ki nemi kwas ɗin Imbizo na Cape Town, tun 2017 ake yin sa, kuma don ɗaliban Afirka aka kafa shi, suna haɗa 'yan bayoloji da 'yan lissafi. A takardar neman ki rubuta tambaya ɗaya tak da siginar ɓerayenki za ta amsa. Wannan suke dubawa.

Wani ɗan uwa: Ni maganar Amurka ce ke taɓa min ciwo. An gayyace ni taro, na biya kuɗin biza, na kwana biyu a Abuja, minti uku aka sallame ni. Har yau ina biyan bashin. Allah ya isa.

Malami a sashen lissafi: Hajiya, da girmamawa, in ta je ba tushe zama kawai za ta yi tana kallon allo. Na ga irinsu. Kwas ɗin Neuromatch ya fi mata: ta intanet ake yi tun 2020, mako uku a Yuli, darussansu kyauta ne a shafinsu har da na share fage. Ta buɗe yau a Google Colab, shafin da ake gudanar da Python ta intanet. In ta iya gina, a kwamfuta, ƙwayar jijiya ɗaya da ke tara caji ta buga in ta kai iyaka, sai mu yi maganar jirgi.

Mai tambaya: Na taɓa buɗewa, Malam. Awa da yawa ake so kullum, mu kuwa wutar unguwarmu sai dare, ga yara biyu. Shi ya sa nake son in bar gida gaba ɗaya, in ba abin hankalina.

Ɗalibi daga Yobe: Anti, kin duba cibiyar bincike ta BioRTC a Damaturu? Suna shirya horon bazara kan kimiyyar ƙwaƙwalwa, ba biza, ba jirgi.

Mai tambaya: Na ji labarinsu, na gode. Amma ni dai Woods Hole ɗin nan ne a raina. Wasiƙar shaida ce damuwata, malamin nawa ya ce sai na gama babi na uku zai sa hannu. Akwai wanda ya san ko suna karɓar ta wani malami daban?

Malami a sashen lissafi: Ki fara amsa min, kin buɗe darasin share fagen ko ba ki buɗe ba?