Bashi na wuyana: wata shida ko shekara biyu?

Mai atamfa, kasuwar Kejetia, Kumasi: Salamu alaikum jama'a. Wani kamfanin bashi na bina sidi 18,000. Sun ce in zaɓa: 3,600 duk wata har wata shida, ko 1,200 har shekara biyu. Gajeren ya kama 21,600, dogon 28,800. Ciniki kuma sai azumi da sallah, ga kuɗin makarantar yara. Wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara.

Direban pragya (keke mai ƙafa uku), Aboabo: Hajiya, ki shiga adashi kawai.

Mai atamfa: Ɗana, na riga na ci bashin. Yadda zan biya nake tambaya.

Tela, Asawase: Yaya, ɗauki dogon. Nawa na shekara biyu ne, sai ga 2022, tsadar kaya ta haura kashi 50 a Disamba. Kuɗin ɗinki ya tashi, abin da nake biya duk wata bai motsa ba.

Alhaji mai takalma: Ni gajere na ɗauka, wai in huta da wuri. Saura wata biyu gobarar kasuwar Adum ta Maris 2025 ta cinye shagona. Toka ba ta huce ba yaron kamfanin ya kira ni. Na ce ku ba ni wata uku, suka ce takarda ba ta san gobara ba. Ƙanena ne ya tsaya mini, malamin makaranta, suka koma kansa. Uwa ɗaya uba ɗaya, yau ko a jana'iza muka haɗu sai dai gaisuwa daga nesa. Matarsa ta hana yara zuwa gidana.

Tela: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kashi nawa suka sa maka?

Alhaji: Biyar a wata.

Mai shinkafa, Sawaba: Biyar? Ni uku na biya.

Akawu: Ba a nan take ba. Ku tambaya, a kan uwar kuɗi ake lissafa ruwan ko a kan abin da ya rage? Hajiya, ki kuma tambaya ko akwai tara in kin biya kafin lokaci. In babu, ki sa hannu a dogon, bayan sallah ki zuba da yawa.

Malamin Islamiyya: Dogo da gajere duk riba ce, haramun.

Mai shinkafa: Gafarta Malam, ka ranta mata 18,000 ɗin ba ruwa mana.

Direban pragya: Malam ya sauka daga layi, data ta ƙare 😂

Alhaji: Akawu kuma mai albashi, me ya sani game da ranar da ba a yi ciniki ba?

Mai shinkafa: Su kamfanonin nan sun iya bin bashi. A 2019 da Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347, ajiyata na ciki. Na sha layi da takardu kamar mai bara.

Tela: Ke kin ma samu ofishin zuwa. Mai karɓar adashin layinmu da babur ya gudu, katina na nan cike da sa hannunsa.