Baban yarana ya yi musu fasfo a ɓoye, kotu za ta iya taka masa birki?

Maman Biyu:
Salam jama'a, dan Allah a ba ni shawara. Shekara 2 kenan da rabuwarmu, yaran na hannuna, duk ƙarshen sati yana zuwa ya ɗauke su ban taɓa hana shi ba. Jiya ina tsefe wa babbar kai, shekararta 8, sai ta ce min wai Baba ya kai su an ɗauke su hoton fasfo kuma ya ce kar su faɗa min. Wallahi tun lokacin gabana ke faɗuwa, ko runtsawa ban yi ba.

Yar Lauya:
Kwantar da hankalinki yar uwa. Eh, kotun iyali na iya ba da oda ta hana shi fita da su ƙasar waje sai da yardarki ko izinin alƙali, wani lokaci ma a ce ya ajiye fasfo ɗin a kotu, in abin na gaggawa ne akan ba da odar wucin gadi kafin a zauna a ji ta bakinsa. Abin da alƙali ke dubawa shi ne maslahar yaran, don haka kar ki je kina zayyano laifin da ya miki zaman aure. Kuma kar ki hana shi ganinsu da kanki, zai iya juyewa a kanki. Ki ajiye duk saƙonnin da kuka yi ta waya.

Abban Yara:
Ni uba ne kuma an taɓa raba ni da nawa wata 7 kan zato kawai, har yau abin na min ciwo. Hajiya ki fara tambayarsa, ƙila hutu kawai zai kai su. A gwada sulhu tukuna.

Yar Lauya:
Malam ina jin zafinka, amma mai niyyar hutu me zai sa ya ce wa yarinya ta ɓoye wa uwarta? Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 kan dawo da yaran da aka tsallaka da su, sai dai ba kowace ƙasa ce ke ciki ba, in ya kai su inda ba ta aiki dawo da su aiki ne ja.

Maman Biyu:
Na gode sosai. Gobe da sassafe zan ga lauya in sha Allah, kuma ranar Asabar in ya zo zan tambaye shi a gaban wansa.