Wai me za mu kira bakof da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, wata kalma ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya nake so mu haɗu mu warware ta. Laftof ɗin ƙanwata ce ta mutu ana saura kwana kaɗan ta miƙa furojet, tana kunnawa sai ƙas ƙas ƙas daga ciki, allo baƙi ƙirin. Muka kai wa mai gyara, ya kara kunne yace had dis ɗin, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikinta, ya tafi, tambayar farko da ya yi mata ita ce kina da bakof? Tace akwai a filashi, aka saka filashin ashe tun babi na biyu rabonta da kwafa. A nan shagon ta zauna kan benci tana kuka wallahi har yanzu abin yana raina. Da muka dawo gida Hajiya take tambaya wai mene ne bakof ɗin da kowa yake faɗa, na buɗe baki na rasa kalma ɗaya ta Hausa da zan ba ta.

Abin da nake nufi shi ne irin wanda kake saka manhaja a kwamfuta, ita kuma da kanta tana tura kwafin fayilolinka ta intanet zuwa manyan kwamfutocin wani kamfani a wani gari ko wata ƙasa, ba sai ka tuna ba. Karon farko ne yake cin data sosai, bayan nan sai abin da ka canza kawai take turawa. Irin su Backblaze da Carbonite aikinsu kenan. Google Drive yana ba da gig 15 kyauta, OneDrive da iCloud gig 5, Dropbox gig 2, furojet ɗin ƙanwata gaba ɗaya ko gig ɗaya bai kai ba, abin da ya fi ci mini rai kenan.

To na ga wasu suna rubuta "madadi". Ni dai ban yarda ba. Madadi wani abu ne daban da ka karɓa a maimakon naka, kamar ka nemi gero a ba ka dawa, shi kuwa wannan abinka ne sak yake dawo maka. "Ajiya" kaɗai kuma ta yi faɗi, ko ka danna adanawa a cikin kwamfutar ai ajiya ka yi, kuma ita ce ta mutu da komai a ciki. "Kwafi" ya kusa amma bai faɗi dalilin yin sa ba. "Ajiyar gajimare" kuwa fassarar "cloud" na Turanci ce kawai aka ɗauko, in ka faɗa wa Hajiya ruwan sama za ta tuna, alhali gine-gine ne a ƙasa cike da na'urori da wuta da masu gadi.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya kawo "rumbun tsimi", kuma gaskiya ta burge ni ƙwarai, don a can haka ake kiran rumbun da gari yake tara hatsi da kaka a fito da shi lokacin da abinci ya yi wuya. Tana da ma'anar tanadi, tana da ma'anar wuri daban da ɗakinka, kuma kowane Bahaushe zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Inda na ɗan tsaya shi ne, hatsin da ka kai rumbu ya bar hannunka, in ka ɗebo kuma rumbu ya ragu, amma fayil yana nan wajenka yana kuma can, ka ɗauko sau goma bai ragu ba. Don haka nake ganin rumbun tsimi ya dace da wurin, wato shi kamfanin da ma'ajiyarsa, shi kuwa aikin kansa mu ce "ajiyar ko-ta-kwana". Mun riga mun san shirin ko-ta-kwana, abin da ka tanada kana fatan kada ranar amfaninsa ta zo.

Akwai wani bambanci da nake so kalmar ta kiyaye don mutane da yawa a nan suke faɗawa rami. Foldar da take daidaita kanta da intanet kamar ta Dropbox ko Drive, in ka goge abu a kwamfuta can ma ya gogu, sai dai ka same shi a kwandon shara, shi ma na Drive kwana 30 ne. Wannan ni madubi zan kira shi, abin da ka yi shi yake yi. Ajiyar ko-ta-kwana ta gaskiya tana riƙe tsofaffin kwafi, na jiya da na makon jiya, shi ya sa ko bairos mai kulle fayil a nemi kuɗin fansa ya shiga, irin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a 2017, za ka iya komawa baya ka ɗauko mai lafiya. Masana ma cewa suke kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida, wannan na wajen gidan shi ne rumbun namu.

Saura otomatik ɗin. "Mai sarrafa kanta" ya yi tsawo a baki, "kai tsaye" kuma rediyo da talabijin sun riga sun ɗauke ta. Ni "mai yin kanta" nake ta gwadawa. Jiya da daddare na ce wa Hajiya na saka wa sabuwar laftof ɗin ajiyar ko-ta-kwana mai yin kanta, komai yana tafiya rumbu, ba ta ce mene ne shi ba, tambayar da ta yi ita ce wa yake riƙe da makullin rumbun. Malamai da 'yan jarida da ke nan don Allah ku gwada ta a bakinku ku ji ko ta zauna, kuma ku taya ni da fi'ilin, don "na yi masa ajiyar ko-ta-kwana" har yanzu yana mini nauyi a waya.