Yadda ake amfani da kalmar "ostracize"

Abin da bakin masu koyar da Turanci ya fi zuwa ɗaya a kai shi ne, "ostracize" aikin taro ne. Idan abokinka shi kaɗai ya daina gaishe ka, wannan fushi ne kawai. Amma in 'yan ofis kaf suka daina cin abinci da kai, ka shigo ana hira a yi tsit, to an mayar da kai saniyar ware, kuma nan ne kalmar ta zauna daram. Shi ya sa aka fi gina jimlar a kan wanda aka yi wa: "She was ostracized by her neighbours."

Asalinta daga Girka ne. A Atina ta dā, jama'a kan rubuta sunan wanda suke tsoron ƙarfinsa a jikin tsingaro, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari na shekara 10. Ko Themistocles, shahararren jagoran yaƙin Atina, bai tsira ba.

Wasu sun ja kunne kada a cuɗa ta da "boycott", wadda ta fi shafar ƙaurace wa kaya ko kasuwanci. Wajen rubutu, Amurka "z" suke sawa, a Ingila kuwa za ka ga "s". A hirar yau da kullum, a ganina, kalmar ta yi nauyi; "shut out" ya wadatar.