Ina ake kai iyali a Kaduna ranar Asabar da Lahadi ba tare da aljihu ya ji jiki ba?

Wata malamar firamare, Unguwar Shanu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba fita da iyali a ƙarshen mako a cikin garin Kaduna da kewaye. Yarana sun kai shekarun da zaman gida daga yammacin Juma'a zuwa daren Lahadi yake ƙarewa a kan waya da talabijin, ni kuwa albashina ba zai ɗauki wuraren wasan zamani da ake biyan kuɗi a kan kowane lilo ba. Ina roƙon kowa ya faɗi inda ya taka da ƙafarsa, da abin da ya tarar, da kuma abin da ya fi cin kuɗi a tafiyar.

Wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Malali:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni a ganina ki fara da Gidan Arewa da ke kan titin Rabah. Nan ne gidan da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya zauna yana Firimiyan Arewa, kuma nan aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar adana tarihi da bincike, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantar ta. Na kai jikokina, muka zagaya ɗakunan da aka jera hotuna da kayayyakin marigayin da na al'ummomin Arewa daban-daban, kuma babbar cikinsu, wadda ta sha jin sunan Sardauna a aji ba tare da ya zauna mata a rai ba, ta dawo gida tana ta jero mini tambayoyi har bayan sallar isha'i. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne wurin cibiyar bincike ce, akwai masu karatu a ɗakin littattafai, saboda haka ki tuntuɓe su kan ranaku da lokutan buɗewa kafin ki ɗebo yara, kuma ki gargaɗe su kan hayaniya. Yana damuna ƙwarai ganin mutanen da aka haifa a garin nan, suka yi aure a nan, suna wuce ƙofar gidan kullum ba su taɓa leƙawa ba.

Wata mai ɗinki, Tudun Wada:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ina da ɗan bambancin ra'ayi. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ba ya jure tsayuwa gaban hoto, guje-guje yake so. Mu Ƙofar Gamji muke zuwa, wato lambun Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogin Kaduna. Akwai inuwar manyan itatuwa, akwai fili, ga kuma ƙaramar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, tsohuwar hedikwatar Turawan mulki kafin su dawo Kaduna. Abin da na lura da shi, Malama, kuɗin ƙofa ba shi ne ke karya mutum ba. Kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, da abin da yara za su riƙa nunawa a hannun masu talla, su ne ke cinye kuɗin. Saboda haka tun da safe nake dafa dambu ko ɗanwake in zuba a kula, in haɗa zoɓo a jarka, in naɗe tabarma, sannan in yi magana da maƙwabciyata mu haɗa yaranmu mu ɗauki shatar keke guda, mu yi ciniki da mai keken ya dawo ya ɗauke mu kafin magariba. Ranakun bikin Sallah kuwa ba na zuwa, domin cunkoson yakan yi yawa, kuma uwa ba ta samun sukunin zama saboda tsoron ɓacewar yaro. Da damina a kiyaye yara daga matsawa kusa da ruwa, domin kogin yana cika sosai a watannin Agusta da Satumba.

Wani ɗalibin jami'a, Badarawa:
Anti, kada a manta da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a ginin da ya kasance ofishin NPC, jam'iyyar su Sardauna. A nan na fara ganin sassaken yumɓu na Nok da idona, kayan da aka samo sunansu daga wani ƙauye a kudancin jihar nan, waɗanda shekarunsu suka haura dubu biyu. A harabar kuma akwai masu sana'ar hannu, yaro zai iya tsayawa ya kalli yadda ake aikin ko da ba a sayi komai ba.

Wani direban haya, Kawo:
Idan an samu ɗan rarar kuɗi a ƙarshen wata, ina ba da shawarar a yi sammako a shiga mota a tashar Kawo a nufi Zariya, tafiyar kusan kilomita 80 ce. Na sha kai iyalai, daga baya na ga babu dalilin da zan riƙa kai 'ya'yan wasu in bar nawa a gida. Mun fara da ƙofar fadar Sarkin Zazzau, inda yara suka daɗe suna kallon zanen da ke jikin bango da dogarai cikin jajayen riguna. Daga nan muka shiga Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19. Lokacin da muka je, kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, daga waje ginin zamani muka gani, amma a ciki muka tarar da tsohon ginin ƙasa da ginshiƙansa da bakan gizonsa, kuma duk wanda ya taɓa ɗora bulo a kan bulo zai jinjina wa magina na wancan lokaci. Da yamma muka biya Wusasa muka ga tsohuwar majami'ar da aka gina da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa a 1929, muka kuma hango dutsen Kufena. Ban da kuɗin mota, abin da muka kashe bai wuce na fura da nono da 'yar kyautar da muka ba wanda ya zagaya da mu ba. Sharaɗina ɗaya ne, a juyo da rana a sama, kada dare ya riski mutum da iyali a hanya.

Wata ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Ina goyon bayan maganar dawowa da wuri. Saboda haka ne ma ban ambaci gidan dutse na Kajuru ko magangarar ruwa ta Matsirga da ke kusa da Kafanchan ba, duk da kyawunsu, domin nisa da kuɗi da batun tsaron hanya sun fitar da su daga lissafin mai ƙaramin ƙarfi. Abin da muke yi a gidanmu shi ne zuwa Dandalin Murtala da sanyin safiyar Asabar, inda za a tarar da masu motsa jiki da masu buga ƙwallo, a lokacin gasar folo kuma yara su sha kallon dawaki. Mahaifinsu yakan ba su labarin hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, wanda ya gani yana yaro. Haka kuma idan lokacin baje kolin kasuwar duniya ya zo a filinsa da ke kan hanyar Zariya, rana guda a can ta ishi yaro kallo, muddin an yi yarjejeniya da shi tun daga gida cewa kallo aka je yi, ba saye ba.

Malamar firamare, Unguwar Shanu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gidan tarihi na titin Ali Akilu ya fi kusa da mu, da shi za mu fara wannan Asabar, Ƙofar Gamji kuma a mako na gaba idan maƙwabciyata ta amince mu haɗa kuɗin keke. Malam direba, ina so in ji ƙarfe nawa ya kamata mu kasance a tashar Kawo idan muna son mu ga masallacin da Wusasa mu dawo kafin la'asar ta yi sanyi.

Direban haya, Kawo:
Hajiya, ku iso da misalin ƙarfe bakwai na safe, lokacin mota ba ta daɗewa kafin ta cika. Ku fara da cikin birni kafin rana ta yi zafi, ku yi sallar azahar a can, sannan ku wuce Wusasa. Kada a zaɓi ranar Juma'a, domin masallacin yana cika da masallata, ba za a samu damar tsayawa a duba ginin ba.