Ina son in tafi wuri mai sanyi in ƙarasa littafina: Jos ko Gembu?

'Yar Gwandu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamar makaranta ce a Birnin Kebbi. Shekara biyu ke nan ina kan wani labari, saura babi 6 in kai ƙarshe, amma zafi ya hana ni. Duk wanda ya san Kebbi a watan Afrilu ya san abin da nake faɗa: rana ta haura digiri 40, da dare ɗaki kamar tanda, in an ɗauke wuta sai tabarma a tsakar gida, ga sauron fadama. Wayar da nake rubutu da ita ma zafi take ɗauka har ta mutu a hannuna. Bara haka hutuna ya wuce ko shafi goma ban yi ba, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Bana maigida ya amince in yi mako biyu, ƙanena zai raka ni. Jos nake tunani, wata abokiyar aikina kuma ta ce Gembu. Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗan Kaura:
Wa alaikumus salam Malama. Na yi hidimar ƙasa a Jos. Garin yana kan tudu kusan mita 1,200, shi ya sa ko a Afrilu in rana ta faɗi sai kin nemi mayafi, kuma a watan ne ruwan sama ke farawa can. Ki nemi masauki wajen Rayfield, ya fi shiru. Kusa da Terminus hayaniyar kasuwa ba za ta bar ki ba. In kan ya cushe, ki leƙa gidan tarihi, tun 1952 yake, ko ki je ki kalli duwatsun Shere. Kada ki dawo ba ki sha gwaten acca ba.

Hajiya Maman Khalifa:
Ƙanwata, Gembu ta fi sanyi nesa ba kusa ba. Na je biki can, na ga gonakin shayi a Kakara, hazo ya rufe tudu har hantsi. Sai dai daga Kebbi zuwa Taraba, ki bi Jalingo, Bali, Serti, sannan ki hau dutsen Mambila, kin ci kwana biyu zuwa, biyu dawowa, ga ciwon jiki. Mako biyun nawa ya rage? Ni dai Jos na zaɓa miki. Ki kuma sami wanda ke zaune a garin ya faɗa miki unguwar da za ki sauka da yadda gari yake a makon, kafin ki biya kuɗin ɗaki.

Ɗan Kaura:
Hajiya ta yi gaskiya. Batun hanya kuma, mu 'yan Zamfara mun san halin da ta Gusau zuwa Funtua take ciki. In da hali ki hau jirgi zuwa Abuja, daga nan mota ta Keffi da Akwanga, ki haura Hawan Kibo. Tafiyar rana kawai, don Allah.

'Yar Gwandu:
Na gode Yaya, na gode Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Jos ɗin za ni in sha Allahu. Akwai ɗiyar gwaggona da ke aure a Bukuru, yau da dare zan kira ta. Tambaya ɗaya ta rage: masaukan Rayfield ɗin suna barin baƙo ya yi girkinsa? Ba na son in riƙa fita neman abinci sau uku a rana.